Yadda za ka zaɓi likitan tiyatar rage ƙiba, ka kuma cika sharaɗin nauyi kafin ranar aiki

Shekara biyu ke nan da na raka yayata neman a yi mata tiyatar rage ƙiba. A lokacin nauyinta kilo 128 ne, ga ciwon suga, ga gwiwoyin da suka sa sai a kan kujera take sallah. Mun fito daga Katsina ba mu san komai ba sai abin da muka gani a waya, mun kuma yi asarar kuɗi da lokaci kafin mu gane hanya. Tun daga nan mutane ke tare ni a wajen ɗaurin aure ko bayan an idar da sallah su ce, "Wane likita ne ya yi wa Hajiya aiki?" Ni na fi son a tambaye ni yadda muka tantance shi, domin wanda ya dace da ita ba lalle ne ya dace da kai ba.

Mataki na 1: Ka auna, ka san inda kake

Likitoci ba sa kallon teɓa da ido su yanke hukunci. Suna aiki da lissafin da ake kira BMI: nauyinka a kilo, a raba shi da tsayinka a mita sau kansa. Tsayin yayata mita 1.65 ne. Ka ninka 1.65 sau 1.65, ya ba ka 2.72, ka raba 128 da shi, ka samu 47.

Ƙa'idar da aka daɗe ana bi tun 1991 ita ce BMI 40 zuwa sama, ko 35 idan akwai cutar da ƙibar ta jawo, kamar suga ko hawan jini ko ɗaukewar numfashi cikin barci. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin fannin, ta Amurka da ta duniya, suka sassauta: 35 ya isa ko babu wata cuta, ana kuma iya duba mai 30 zuwa 34.9 idan yana da suga nau'i na biyu da ya gagari magani. Idan lissafinka bai kai nan ba amma wani ya ce zai yanka ka, ka tashi ka bar wurin.

Ka yi awon a asibiti. Sikelin yaran da ke yawo da shi a tasha ba abin dogaro ba ne, wasu na gida kuma a kilo 120 ko 150 suke tsayawa.

Mataki na 2: Ka fara da likitan gida

Kafin ka nemi mai wuƙa, ka samu likitan da zai riƙe ka a nan. Ka buɗe kati a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko asibitin ƙwararru na Janar Amadi Rimi, ko babban asibitin Daura idan a can kake, ka nemi ganin likitan suga ko na cututtukan ciki. Dalili biyu ne. Na farko, ya tabbatar ƙibar ba daga wata cuta ko wani magani take ba. Na biyu, duk inda aka yi maka aikin gida za ka dawo, kuma wanda ya san fayil ɗinka tun farko shi zai fi saurin gane matsala.

Gwaje-gwajen da za a nema sun haɗa da yawan jini, HbA1c mai nuna yadda suga ya kasance cikin wata uku, aikin ƙoda da hanta, maƙoƙo, sinadarin ƙarfe, bitamin B12 da D, ciwon hanta nau'in B da C, jinsin jini ko AA ne ko AS, awon zuciya da hoton ciki. Akan leƙa tumbi da kyamara, a kuma nemi ƙwayar cutar olsa da ake kira H. pylori. In an same ta, sai an sha magani na kimanin mako biyu kafin aiki. Idan iyali na cewa kana minshari har numfashinka ya tsaya, ka faɗa, don hakan na canza yadda za a sa ka barci.

A nan ne gaskiya ke da tsada. 'Yar'uwa, idan kin taɓa shan "sha ka fashe" ko wata ƙwayar sa ƙiba, ki faɗa ba tare da kunya ba. Da yawansu akwai wani maganin asibiti mai ƙarfi da ake kira dexamethasone a ciki, wanda ya daɗe yana shan sa kuwa jininsa na iya faɗuwa a kan teburin tiyata idan ba a shirya ba. Haka ma jiƙe-jiƙen gargajiya da shayin rage teɓa.

Mataki na 3: Ka san aikin da ake magana a kai

Aiki biyu ne suka fi yawa, dukansu ta ƙananan huda ake yin su da kyamara. Na farko shi ne wanda ake kira silib: a cire kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi, a bar shi siriri kamar ayaba. Ɓangaren da aka cire shi ke samar da mafi yawan sinadarin da ke tayar da yunwa, shi ya sa kwaɗayi ke raguwa. Abin da aka cire ba ya dawowa, kuma aikin na iya tsananta ƙwannafi. Na biyu shi ne baifas: a yi ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbi, bai fi girman ƙwai ba, a haɗa shi da hanji kai tsaye, abinci ya tsallake wani sashe. Ya fi ƙarfi a kan suga da ƙwannafi, amma ya fi jawo ƙarancin ƙarfe da bitamin. Ko wanne aka yi maka, za ka sha bitamin har ƙarshen rayuwa.

Ba kai za ka zaɓa kai kaɗai ba. Sanin wannan zai sa ka gane ko likita na duba jikinka ne, ko kuwa aiki ɗaya ya iya yake sayar wa kowa.

Mataki na 4: Tantance likitan

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Mu wurin farko da muka je, cikin minti goma aka ba mu ranar aiki da lambar asusun da za mu tura kafin alƙalami. Ba a tambayi Yaya magungunan da take sha ba. Muna fita ta ce da ni, "Ƙanena, wannan ko akuya zai yanka ai ya fi haka tambaya." Ba mu koma ba.

Ka fara da takardu. Duk likitan da ke aiki a Najeriya dole ya kasance da rajista da lasisin shekarar da ake ciki daga MDCN, hukumar kula da likitoci da ke Abuja. Bayan digiri, ƙwararren likitan tiyata yana da shaidar FWACS daga kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma, ko FMCS daga kwalejin ƙasa da ke Legas, ko makamancinsu daga waje. Wannan ma bai isa ba. Ka tambayi inda ya koyi wannan aikin musamman, da tsawon lokacin da ya ɗauka. Kwas na kwana biyar daban yake da horon shekara guda a cibiyar da ke yin aikin kullum.

Sannan ka zauna gabansa da takarda da biro. Mu mun saba jin nauyin likita, muna ganin yawan tambaya rashin ladabi ne. Ka gaishe shi da girmamawa, amma ka tambaya:

"Likita, irin wannan aikin guda nawa ka yi a bara, kai da hannunka?" A Amurka, cibiyar da ke neman cikakkiyar shaidar amincewa sai tana yin aƙalla 50 a shekara. Ƙila ba ka samu haka a kusa ba, amma mai yin biyu ko uku a shekara hannunsa bai faɗa ba.

"A cikin waɗanda ka yi wa, nawa ɗinkinsu ya yi yoyo, nawa aka mayar ɗakin tiyata, akwai wanda ya rasu?" A cibiyoyi masu kyau yoyon ɗinki na samun kusan mutum ɗaya cikin ɗari, mutuwa kuwa wajen ɗaya cikin dubu. Likitan da ya ce bai taɓa samun matsala ba, ko dai bai yi da yawa ba, ko yana ɓoye maka. Wanda muka zaɓa a ƙarshe ya ba mu labarin matsalolin da ya gamu da su da yadda ya ɓullo musu, wannan ne ya kwantar mana da hankali.

"Idan na koma Katsina, zazzaɓi ya rufe ni da ƙarfe biyun dare, wa zan kira?" A wurina wannan ita ce uwar tambayoyin. Aikin kansa awa ɗaya ne zuwa uku, amma bibiya ta shekaru ce: bayan wata ɗaya, uku, shida, shekara, sannan duk shekara. Ka nemi lambar da mutum ke ɗauka, ka kuma gwada kiran ta kafin ka biya ko sisi. Ka tambaya ko zai yarda ya yi magana da likitanka na gida.

Ka duba asibitin da idonka. Akwai sashen kulawa ta musamman da likita ke kwana a ciki? Akwai na'urar hoton CT da ma'ajiyar jini a harabar, ko sai an ɗauke ka zuwa wani wuri? Teburin tiyata da gadon kilo nawa suke ɗauka? In an ɗauke wuta fa, janareto nawa ne, iskar oksijin daga ina take? Na'urar da ke yanka tumbi ta ɗinke shi ta amfani sau ɗaya ce, don haka ka tabbatar sabuwa aka sa maka a lissafi. Ka nemi ganin likitan sa barci kafin ranar, ka ji ko ya saba da masu jiki. Dole kuma a samu masanin abinci a tawagar, da wanda zai tattauna da kai kan damuwa da yadda kake cin abinci idan ranka ya ɓaci. Wurin da babu waɗannan biyun, yanka kawai suke sayarwa.

Ka ga aƙalla likitoci biyu. Hotunan "da" da "yanzu" na Instagram ba sa nuna wanda ya sha wahala. Ka roƙi a haɗa ka da wanda aka yi wa aikin shekara biyu da suka wuce, in ya amince.

Mataki na 5: Gida ko waje, da maganar kuɗi

Mutanenmu da yawa na tafiya Masar, Indiya ko Turkiyya, kuma akwai ƙwararru a can. Matsalar dillalai ce. Ɗan kamasho asibitin da ya fi ba shi la'ada zai kai ka, don haka ka dage sai ka yi magana da likitan da kansa ta bidiyo, ka yi masa tambayoyin nan duka. Kada ka yarda da shirin da zai ɗora ka a jirgi kwana uku bayan aiki. Yoyon ɗinki yakan bayyana a makonnin farko, doguwar zama a jirgi kuma na jawo daskarewar jini a ƙafa. Ka yi tanadin zaman kwana goma zuwa mako biyu, ka dawo da cikakken rahoton aikin da Turanci, wanda likitan Katsina zai iya karantawa.

Ko a ina ne, a rubuta maka farashi dalla-dalla: me ke ciki, me ba ya ciki, wa zai biya idan aka koma tiyata ko aka ƙara kwanaki. Yawanci daga aljihu ake biya, in kana da inshora ka nemi amsarsu a rubuce. Ka ware kuɗin ko-ta-kwana, da na bitamin da gwajin jini na kowace shekara. Wanda ya sayar da fili ya biya aiki bai bar na bitamin ba, lissafinsa bai cika ba.

Mataki na 6: Nauyin da za a ce ka rage

Yaya ta ji haushi da aka ce ta rage kilo 7 kafin a sa rana. Ta ce, "Da zan iya ragewa, me zai kawo ni?" Tambayarta da hujja, amma likitan ya zana mana hoto a takarda. Ɓangaren hagu na hanta a kan tumbi yake kwance, sai an ɗaga shi kafin a yi aiki. Hantar mai ƙiba tana cike da kitse, ga girma ga nauyi, tana kuma saurin fashewa ta zubar da jini. In ta rage girma, likita ya fi gani, aikin ya fi sauri. Ƙari a kan haka, suga da hawan jini na sauka, numfashi na sauƙaƙa.

Yawanci kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki ake nema, wato kilo 6 zuwa 13 ga mai 128. Wasu likitocin ba sa kafa adadi, sai dai su ce kada ka ƙaru. Ka nemi a rubuta maka adadin, da ranar awo, da sikelin da za a yi amfani da shi, da abin da zai faru in ka gaza da kilo ɗaya ko biyu.

Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne tafiyar da ta dace, don haka ka ba kanka wata biyu zuwa uku. Ka fara da abin sha, don nan ne riba ta fi yawa: lemon kwalba, malt, zoɓo da kunun aya masu suga, shayin mai shayi da ake zuba wa madarar gwangwani. Fura ma, duk da ƙaunar da muke mata, gero ce da suga a kwano guda. Daga nan ka koma kan tuwo: malmala ɗaya ƙarama kamar dunƙulen hannunka, miyar kuka ko kuɓewa da yawa, mai kaɗan. Ka fara cin nama ko kifi ko wake kafin ka taɓa tuwon. Waina, ƙosai, fanke da soyayyar awara su zama na lokaci-lokaci.

Ka soma koyon cin da za ka yi bayan aiki tun yanzu: ƙaramin faranti, loma ƙanana, tauna sosai, minti ashirin a kan abinci, ba shan ruwa sai bayan rabin awa. Tafiya kuma bayan sallar Asuba ta fi, kafin rana ta buɗe. Minti goma a makon farko, a riƙa ƙarawa har talatin. Yaya a tsakar gida ta yi nata, tana zagayawa da carbi a hannu.

Abin da ya fi wuya shi ne mutane. Za a ce, "Hajiya, ko ba ki da lafiya ne?" A gidan suna a tura miki kwano a ce ƙin ci raini ne. Ki zaunar da maigida da mai girki ki yi musu bayani, a ware miki tukunya. A waje kuwa "likita ya hana ni" ta wadatar.

Kada ka yi wa sikeli dabara. Shayin da ke sa gudawa da ƙwayar fitsari ruwa kawai suke fitarwa, su rikita gishirin jini, su jefa zuciya cikin haɗari lokacin barcin tiyata. Hantar kuma tana nan yadda take. Akwai waɗanda aka sa wa kyamara, aka ga hanta ta rufe komai, aka fasa aikin.

Mataki na 7: Mako biyun ƙarshe

Za a ɗora ka a kan abincin rage hanta na mako biyu, wani lokaci har huɗu: kalori 800 zuwa 1,000 a rana, furotin giram 60 zuwa 80, sitaci da mai kaɗan ƙwarai. Hanta na ajiye suga tare da ruwa, in aka hana ta sitaci sai ta ƙone ajiyar ta saki ruwan. Takardar masanin abincinka ita ce gaba da komai, amma ga yadda ranar Yaya ta kasance: da safe dafaffen ƙwai biyu da shayi ba suga. Da rana gasasshen kifi ko kaza marar fata, da dafaffen zogale ko kabeji, ba ƙuli-ƙuli ba mai. Da yamma kofin nono marar maiƙo, wanda muka riƙa haɗawa a gida da madarar gari da aka cire wa kitse, don kindirmo na da mai, na talla kuma ba ka san abin da aka zuba ba. Da dare farfesun da aka kwashe man samansa, ko awarar da ba a soya ba. Ruwa lita biyu, ana kurɓa a hankali. Ba tuwo, ba shinkafa, ba burodi, ba dabino, ba zuma, ba rake.

Kwana uku zuwa huɗu na farko akwai ciwon kai da kasala, daga baya jiki ya saba. Mai ciwon suga kada ya fara wannan sai likita ya gyara masa magani. Wanda ke allurar insulin ko shan glibenclamide, in ya rage ci bai rage magani ba, suga zai faɗi ya sume. Ka riƙa gwada suga da na'urarka sau da yawa a rana, in ka ji rawar jiki da gumi ka gwada nan take. Maganin hawan jini ma yakan buƙaci ragi. Ka kwashi duk magungunanka a leda ka kai wa likita: masu tsinka jini kamar aspirin da warfarin, magungunan suga irin su dapagliflozin da ake tsayarwa kwanaki kafin aiki, da allurar suga da rage ƙiba ta semaglutide mai jinkirta fitar abinci daga tumbi. Diclofenac, ibuprofen da piroxicam da muke saya a kemis don ciwon gwiwa suna jawo gyambo a sabon ɗinki, sai a canza maka su.

Mataki na 8: Taba, haihuwa, da zaɓen wata

Taba da shisha a bar su aƙalla mako shida kafin aiki, kada kuma a koma. Hayaƙi na hana ɗinki warkewa.

Mace ta shirya jinkirta ɗaukar ciki na wata 12 zuwa 18, domin jikin da ke zubar da nauyi da sauri ba zai ciyar da jariri yadda ya kamata ba. A lura, da yawa da suka daɗe suna neman haihuwa suna samun ciki da zarar nauyi ya fara sauka. Ƙwayar tazarar haihuwa mai estrogen akan dakatar da ita mako huɗu kafin aiki saboda daskarewar jini, bayan baifas kuma ba lalle jiki ya tsotse ta sosai ba, shi ya sa ake komawa robar hannu ko ta mahaifa. A yi wannan shawara da maigida tun kafin a biya kuɗi.

Ka duba kalanda. Sabon tumbi ba zai ɗauki ruwan yini guda tsakanin Magariba da Asuba ba, don haka likitoci kan hana azumi a watannin farko, sau da yawa har shekara. Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara, ka tambayi malaminka yadda za ka rama. Mu bayan ƙaramar Sallah muka sa rana, don a samu tazara mai tsawo kafin wani Ramadan. Zafin Afrilu da Mayu na Katsina ma abin gudu ne ga mai shan ruwa da kurɓi-kurɓi, haka tafiya aikin Hajji kusa da aikin.

Daren aiki za a ce ka daina cin abinci awa shida kafin lokaci, ruwa zalla kuma awa biyu, sai dai in an ba ka wani umarni. Ka tafi da ɗan jinya mai natsuwa wanda zai tashe ka ka taka a ranar da aka yi aikin. Kafin a sallame ku, ya rubuta alamomin nan ya liƙa a bangon ɗaki tare da lambar likitan tiyata da ta likitan gida: bugun zuciya sama da 120 a minti, zazzaɓi, ciwon ciki mai ƙaruwa ko ciwon kafaɗar hagu, sarƙewar numfashi, kumburin ƙafa ɗaya, baƙin bayan gida, ko aman da ya hana ruwa zama. In ɗaya ta bayyana, kada a ce maleriya ce a tsaya kemis. A ɗauki rahoton aikin a nufi sashen gaggawa, ana tafe ana kiran lambobin.